ZAFI NE KE CIN ƘWAN LANTARKINMU

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, mu duba wani ƙaramin abu da ke rataye bisa kan kowannenmu, wanda ba mu cika tuna shi ba sai ranar da ya mutu, watau ƙwan lantarki irin na zamani da ake kira LED.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a cikin watan Maris, lokacin da zafin Ankara ya fi tsanani, wata Hajiya mai sayar da waakye a unguwarmu ta aiko jikanta, wanda ɗalibinmu ne a aji uku na ƙaramar sakandare, da ƙwai uku a ƙunshe cikin leda. Yaron ya durƙusa ya ce, "Malam, kakata ta ce a gaishe ka. Ta ce tunda kai ne mai koyar da kimiyya, ka duba mata ko cutarta ake yi. Wata huɗu ke nan ƙwai uku ta saya." Da muka je gaishe ta da yamma sai ta ƙara mana bayani. Ta ce, "Malam, ba mutuwar ƙwan ce ta fi damuna ba. Kafin ya mutu sai haskensa ya koma shuɗi-shuɗi, abincina ya yi kamar na jiya. Jan da karan dafi ke ba waakye ya ɓace, nama ya yi toka-toka. Mai saye da asuba ya leƙa ya wuce."

To, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin da wannan tukunya take ciyar da gida, da ita kuma take biya wa yaron kuɗin littattafai. Saboda haka muka ɗauki ƙwayayen zuwa aji, muka buɗe su a gaban yara, muka kuma koma ga littattafai. Abin da muka gano shi ne muke so mu raba da mai karatu.

YADDA MUKA ISO NAN

Waɗanda suka manyanta cikinmu sun san ƙwan da, mai zaren waya a ciki, wanda in ya daɗe a kunne ba ka iya taɓa shi. Wannan ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ɗan abin da ya rage ne haske, kuma ransa bai cika wuce awa 1,000 ba. Muddin ruwa na cike a madatsar Akosombo, wadda Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe a 1966, ba wanda ya damu da wannan ɓarna. Amma ruwan ya ja baya a 1983, ya sake ja a 1998, sa'an nan a 2006 zuwa 2007 aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. A 2007, zamanin Shugaba Kufuor, gwamnati ta raba ƙwai miliyan 6 kyauta, irin mai lanƙwasasshen bututu, ana karɓar tsofaffin a madadinsu. Hukumar Makamashi ta Gana ta bayyana cewa wannan canji ya rage wutar da ƙasa ke ja a lokacin da aka fi bukata da megawat 124. A 2008 kuma aka yi doka wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ƙwan mai zaren waya.

Ba mu gama sabawa da mai bututun ba sai ga dumsor, daga 2012 har zuwa 2016, kalmar da 'yan'uwanmu masu jin Tiwi suka haɗa daga "kashe" da "kunna". A waɗannan shekaru ne fitilun caji da tocilan masu LED suka cika kasuwar Nima, domin ba su shan batir. Da wuta ta daidaita sai ƙwan LED ya hau silin, ya kori mai bututu. Lissafin a fili yake. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa. In ka kunna na farkon awa 5 kullum, a wata zai sha yunit 9, na biyun kuwa bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Duk wanda ya zauna gidan haya mai ɗaki goma da mita ɗaya, inda ake ƙirga ƙwai da fanka da dutsen guga kafin a raba kuɗin wuta, ya san yawan rigimar da wannan bambanci ya kashe.

Sai dai a jikin kwali ana rubuta cewa ƙwan zai yi awa 15,000 ko 25,000. In ana kunna shi awa 5 a rana, awa 15,000 ta wuce shekara 8. To, ina dalilin da na Hajiya bai kai wata biyu ba?

ƊIGON RAWAYA DA KE CIKI

Da muka cire farar hular ƙwan, yara suka yi mamaki. Ba zare, ba bututu, sai wani faifai mai ɗauke da 'yan ƙananan murabba'ai, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, kowanne kuma da ɗigon abu mai launin rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Wata yarinya ta ce, "Malam, in abin rawaya ne, yaya haske ke fitowa fari?"

Amsar ita ce, babu wani LED da ke ba da farin haske da kansa. A ƙarƙashin ɗigon akwai ɗan tsinken da ke fitar da haske shuɗi zalla. Shi kuwa ɗigon wani gari ne mai laushi da aka kwaɓa cikin ƙaro mai kama da roba, wanda ake kira silikon. Masana na kiran garin fosfo, mu kuwa a aji muka sa masa suna garin juya haske. Kada mai karatu ya rikita shi da sinadarin da ke cikin takin zamani ko ashana, sunan ne kawai ya yi kama. Aikinsa shi ne ya haɗiye wani kaso na shuɗin, ya mayar da shi rawaya. Ragowar shuɗin da ya kuɓuce ya haɗu da rawayan, idonmu ya ga fari.

Nan take wani yaro ya ɗaga hannu ya ce a darasin zane in sun haɗa shuɗi da rawaya kore suke samu. Gaskiyarsa, amma wannan fenti ne, haske kuwa dokarsa dabam ce. Muka ce ya tuna abin da uwarsa ke yi wa farar rigar babansa ta Juma'a in ta fara yin rawaya-rawaya: ai bula take jiƙawa ta tsoma ta, rigar ta fito fes. Shuɗi da rawaya in suka yi daidai, ido fari yake gani. In bula ta yi yawa kuwa riga ta koma shuɗiya. Wannan shi ne abin da ya sami ƙwan Hajiya: garin ya gaji, ya kasa juya hasken yadda ya kamata, shuɗi ya rinjaya.

Wannan dabara tana da tarihi. Tun 1962 wani Ba'amurke mai suna Nick Holonyak ya ƙera LED mai jan haske, irin ɗan jan idon da muke gani a jikin rediyo. Shuɗi ne ya gagari masana har shekara talatin. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan suka share hanya, sa'an nan a 1993 Shuji Nakamura, ma'aikacin wani kamfani mai suna Nichia, ya fito da shuɗi mai ƙarfi. Abin sha'awa, asalin sana'ar Nichia ita ce yin garin fosfo domin dogayen fitilu da talabijin, don haka a 1996 suka ɗora garin rawaya bisa shuɗin, farin LED ya shiga kasuwa. Garin da suka yi amfani da shi, wanda ake taƙaita sunansa da YAG, tun 1967 masanan kamfanin Philips na ƙasar Holan suka bayyana shi. Ana haɗa shi da alminiyam da wasu ma'adinai masu wuyar tacewa, itiriyam da seriyam, waɗanda ƙasar Sin ce ta fi kowa fitar da su. A watan Oktoba na 2014 aka ba waɗannan Japanawa uku kyautar Nobel, a daidai lokacin da mu a nan 'ya'yanmu ke karatun jarrabawa da tocila saboda dumsor.

INDA ZAFI KE SHIGA

Mutane da yawa na cewa LED ba ya zafi, domin in ka taɓa hularsa ba ta ƙona ka. Wannan kuskure ne. Taɓa gindinsa bayan awa ɗaya ka ji. Zafin yana nan, sai dai a tattare yake a ɗan wuri ƙanƙane, kuma a cikin tsinken yakan kai digiri 85, a ƙwai marar kyau ma ya haura digiri 100, watau ya wuce zafin tafasasshen ruwa.

Ta hanya biyu zafin ke zuwa wa garin. Ta farko daga tsinken da yake zaune a kai. Ta biyu daga aikinsa shi kansa, domin haske shuɗi ya fi rawaya ƙarfi, kuma duk lokacin da aka juya wannan zuwa wancan, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin yana zama zafi a cikin garin. Ga shi kuma ƙaron da aka kwaɓa shi a ciki ba ya fitar da zafi da kyau, kamar mutum ne ya lulluɓa da bargo a watan Maris.

In garin ya yi zafi ainun, sai ƙwayoyinsa su riƙa karkarwa, ƙarfin da ya kamata ya fito a matsayin haske ya zube a matsayin ƙarin zafi. Wannan ragewa ta ɗan lokaci ce, in ƙwan ya huce haske ya dawo. Amma in aka daɗe ana gasa shi kullum, musamman inda akwai laima, sai lalacewar ta zama ta dindindin. A nan launin hasken yakan gaya mana abin da ya faru. In ya koma shuɗi, garin ne ya raunana. In ya koma rawaya mai duhu, yawanci ƙaron ko robar da ke kewaye ce ta ƙone. A ɗaya daga cikin ƙwayayen Hajiya mun ga baƙin ɗigo a tsakiyar murabba'i guda, kuma da yake a jere aka haɗa su kamar carbi, mutuwar ɗaya ta kashe sauran.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan: ba kullum garin ne ke da laifi ba. A gindin ƙwan akwai ɗan allo da ke rage wutar gida mai bolt 230 zuwa abin da tsinken zai iya ɗauka. A jikin allon akwai wata 'yar gwangwani da masu gyaran rediyo ke kira kafasita, mai ɗan ruwa a ciki. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba ranta biyu. Ƙwan da ke ƙyaftawa kafin ya mutu, sau da yawa ita ce ta bushe. Ƙwai na uku na Hajiya haka ya mutu, mun tarar da kan gwangwanin ya kumbura. Hawa da saukar wuta ma na taimakawa. Amma ka ga ko ta ina aka bi, zafi ne uban tafiya.

Da muka koma wurin sana'arta sai komai ya fito fili. Ƙwan na rataye ne cikin akwatin gilashin da take ajiye nama da taliya da ƙwai, a rufe ruf, ga tukunyar waakye na tururi a gefe, ga rufin kwano a sama. Zafi da laima sun haɗu, iska ba ta shiga. Ko ƙwan kirki ne zai wahala a wurin, balle wanda aka saya don araha a hannun mai talla.

ABIN DA MASANA KE YI

Wannan matsala ba ta Nima kaɗai ba ce. Fitilun titi, da na filin ƙwallo, da na gaban mota, duk sun fi na ɗakinmu zafi nesa ba kusa ba, don haka neman garin da ke jure zafi ya zama babban fage na bincike a duniya.

Shi YAG jarumi ne, sai zafi ya kusa digiri 2,000 yake narkewa, kuma yana riƙe mafi yawan haskensa a irin zafin da ƙwan gida ke kaiwa. Rauninsa shi ne ba shi da isasshen ja. Shi ya sa a ƙarƙashin farin ƙwai mai arha tumatir da manja da fuskar mutum ke yin fari-fari kamar marar lafiya. Garin ja na farko da aka gwada, mai sinadarin farar wuta, laima na ɓata shi da wuri. Daga baya, a farkon shekarun 2000, masana a Japan da Turai suka samo jan gari wanda aka gina da sinadarin naitirojin, mai ƙwarin gaske, shi ne yau ke cikin ƙwayaye masu kyau da ke ba da haske mai ɗumi. A 2014 masana a Jami'ar Munik ta Jamus suka bayyana wani jan gari da ke riƙe fiye da kashi 95 cikin 100 na haskensa a zafin digiri 200. A 2017 kuma wasu a Koriya ta Kudu suka bayyana wani wanda haskensa bai ragu ba sam har zuwa digiri 200.

Wata hanyar ita ce a rabu da ƙaron gaba ɗaya. Ana narka garin cikin gilashi, ko a matse shi a gasa ya zama faifan tangaran, kamar yadda maginin tukwane ke gasa yumɓu. Gilashi ya fi silikon fitar da zafi, tangaran kuwa ya fi shi ninki gommai, kuma ba ya ƙonewa ya canza launi. Irin wannan ake sa wa fitilun manyan motoci na zamani da na'urorin haska hoto a bango. Yana da tsada, don haka kada mu yi tsammanin samunsa cikin ƙwan da ake rataye mana a bakin titi. Abin da kamfani mai neman araha ke yi shi ne ya rage yawan tsinke ya tura musu wuta fiye da kima, ya sa roba inda ya kamata a sa alminiyam mai janye zafi. Ranar farko ƙwan ya yi haske kamar rana, bayan wata uku ya zama abin tausayi.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba mu da masana'antar fosfo a Gana, amma muna da ido da hannu. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa masu shigo da ƙwan LED cika ƙa'idar inganci da liƙa takardar Hukumar Makamashi mai taurari a jikin kwali. In za ka saya, ko a Opera Square ne ko Zongo Lane ko shagon unguwa, nemi wannan takarda. Yawan taurari na nuna ƙarancin shan wuta.

Kada ka tsaya ga wat kaɗai, domin wat abin da ƙwan ke ci ne. Abin da yake bayarwa ana auna shi da lumen, kuma lumen 800 ya isa matsakaicin ɗaki. Ka kuma duba lambar da ke da harafin K. Mai 6500K fari ne mai ratsin shuɗi, mai 2700K ko 3000K kuwa haskensa ɗumi-ɗumi ne irin na hantsi. Mai sayar da abinci ko nama ko atamfa, mai ɗumin ya fi fito masa da launin kaya. In an rubuta CRI ko Ra, nemi 80 ko sama da haka, wannan lamba ce ke nuna yadda launi ke fitowa da gaskiyarsa.

Ɗauki ƙwan a hannu ka ji. Ƙarami, marar nauyi kamar fanko, amma an rubuta masa wat mai yawa, ka yi hattara da shi, domin ba shi da inda zai zubar da zafinsa. Ka roƙi mai shago ya rubuta ranar saye a gindin ƙwan, ka karɓi rasit, ka tambayi garanti. Mai kayan kirki ba ya jin tsoron wannan.

Sa'an nan ka ba ƙwan iska. Kada a kulle shi cikin kwanon gilashi marar huda, kada a manna shi da rufin kwano, kada a rataye shi bisa murhu ko tukunya. A babban wuri kamar masallaci ko makarantar dare, ƙwai biyu matsakaita sun fi ƙato guda ɗaya daɗewa. Wanda za a sa a waje kuma a nemi wanda aka yi domin ruwa da laima.

Muna kuma jan kunnen yara: kada wanda ya buɗe ƙwai don ya ji mun yi a aji, sai da babba wanda ya san aikin wuta, domin kafasita na iya riƙe wuta bayan an cire ƙwan. Tsohon mai bututu kuwa kada a fasa shi ko kaɗan, akwai zaiba a cikinsa, guba ce.

Akwai wani abu da ya fi damunmu a matsayinmu na malamai. LED ba ya cika mutuwa farat ɗaya irin ƙwan da, dushewa yake yi a hankali har ido ya saba. Su kansu kamfanoni suna ƙirga ƙarshen ransa ne daga ranar da haskensa ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100. Sau nawa muke shiga gida mu tarar da yaro mai shirin BECE ya kifa fuska bisa littafi, ko dattijo na fama da Alƙur'ani bayan Isha'i, a ƙarƙashin ƙwan da ya daɗe da gajiya, amma an bar shi don wai bai mutu ba? Iyaye, ku gwada wannan: ku sa sabon ƙwai kusa da tsohon ku kunna su tare. In bambancin ya fito, ku mayar da tsohon zaure ko bayan gida, ku ba mai karatu sabon.

Ita kuwa Hajiya, mun sa mai gyaran wuta ya fitar da ƙwan daga cikin akwatin, ya ɗaga shi sama nesa da tururi, muka zaɓo mata mai 3000K mai takardar taurari. Kuɗinsa ya ninka na wanda ta saba saye, har ta yi ɗan gunaguni, muka tuna mata cewa araha ba ta ado. Yanzu wata na biyar ke nan yana ci, kuma ta ce jan waakyenta ya dawo. Ba mu ce zai kai shekara takwas ba, amma mun rubuta ranar a gindinsa, muna ƙirgawa tare da 'yan ajinmu.

Duk wanda ke da mataccen ƙwai a gida, kada ya jefa shi a kwata. Ya aiko mana ta hannun ɗalibi, ya faɗi inda yake rataye da tsawon lokacin da ya yi. Muna tara su domin darasin zango mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kuma abin da yaran suka gano za mu kawo muku shi a wannan shafi.

Allah Ya haskaka zukatanmu da gidajenmu, Ya yi wa sana'o'inmu albarka, amin.